Tirelar da Muka Yi wa Jinka

Tun da na dawo daga Badun ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada, wurin hirarmu ta shayi, kafin a zuba na fari, sai wani ya matso: "Isuhu, wai da gaske ne kun gina ɗaki bisa mota?" Labarin ya yi ta ƙiba a bakin mutane, har ranar kasuwa na ji wani yana rantsuwa cewa ɗakin har da ƙofa, da randa a ciki. Na gaji da gyara wa kowa nasa. Bari in faɗe shi tun daga tushe, wanda bai ji ba ya tambayi wanda ya karanta.

Mu mutanen Dogarawa albasa ce abin taƙamarmu da rani, ja mai ƙwari, irin wadda duniya ta sani da sunan maƙwabtanmu na Galmi. Amma tun kakanni mu ne masu wahala, wasu ne masu riba. Dillali zai zo bakin garka, wato lambunmu, ya yanka farashin da ya ga dama, ya kai Kwanni, wani ya karɓa ya tsallaka da ita Najeriya, kafin ta isa tukunya ta bi hannuwa da yawa, kowane hannu kuma sai ya lasa. Lokacin da aka rufe iyaka kuwa mun ga tasku, albasa ta ruɓe mana tsibi-tsibi har jakai suka daina kallonta. Da aka sake buɗewa, rediyo ya cika da maganar kasuwanci ba shinge tsakanin Nijar da Najeriya, aka kuma yi wani zama na ƴan kasuwar gefe da gefe a Kwanni. Ni aka tura a madadin ƙungiyarmu ta masu garka, ba don na fi kowa ba, sai don na ɗan taɓa lakwal, wato boko, bakina kuma ba ya gajiya.

A wurin zaman na gamu da wani Bayarabe mai suna Rasaki, ɗan Ibadan, garin da muke kira Badun. Hausa a bakinsa kamar a Sakkwato aka yanke masa cibi. Ya ce mahaifiyarsa babbar mai sayar da albasa ce, tamu kuma take saya tun yana goye, amma ba ta taɓa ganin fuskar wanda ya noma ta ba. Ya ce mu ciko tirela guda mu kai mata da kanmu. In kayan suka isa lafiya, za su riƙa ɗauka daga hannunmu kai tsaye, su kuma zuba jari a gina mana wurin ajiya. In suka isa a lalace, to kowa ya koma ga dillalinsa, ba faɗa.

Na dawo gida na yi ta zuba har mutane suka yarda. Gidaje da yawa suka hana dillalai kayansu suka ba ni. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Gwaggo Ta'allah, ƙanwar kakata da kowa ke kira Gwaggo, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴar garka da jikoki. Ita ta kawo nata a ƙarshe, a amalanken jaki, ta ɗaura wa kowane buhu tsumman baƙin zane a wuya don kada ya ɓace. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Isuhu, ita ke nan gare ni. Ba ni da wata bayanta." Da yake ita ce ta ƙarshe, buhunanta ne suka hau can sama. Tun daga ranar na san ba albasa kaɗai na ɗauko ba. In ta ruɓe, cimar gidaje ce ta shekara ta ruɓe, ni kuwa ba ni da idon da zan sake kallon tsohuwar nan.

Mu uku muka tafi. Akwai Baba Nomau, ƙanen mahaifina, Bagobiri mai zane har kunne, wanda ya ce ba ya barin albasarsa ta yi tafiya da yaro. Yaron nan ni ne, mai furfura a gemu. Sai direba, Malam Ummaru, mutumin Gwadabawa, wanda ya san hanyar kudu kamar tafin hannunsa, mutum mai haƙuri, sai dai in ya yi gaskiya ba ya bari a manta.

A Kwanni muka tafka kuskuren, kuma kowane manomin albasa na ƙasarmu da shi zai tafka. Bayan an gama lodi, Malam Ummaru ya jawo wani ƙaton tampol zai ɗora. Baba ya daka masa tsawa.

"Kai, mi za ka yi da wanga abu?"

"Saboda ruwa, Baba."

"Ruwa? Cikin bazara? Dibi sama, ɗana. Ko tsuntsu ba shi tohi yanzu. In ka ruhe albasa da wanga baƙin abu cikin rana, dahuwa za ta yi."

"Ba ruhewa za ni yi ba, aje shi za ni yi. Kudu ba nan ba ce."

Muka yi dariya, ni ma da nawa bakin a ciki. A wurinmu ruwa yana da watansa kamar azumi, ba ya zuwa ba sallama. Ga shi tampol ɗin ya cinye wurin buhuna. Muka sa aka sauke shi a wata rumfa, muka cike gurbin da albasa. Malam Ummaru ya kaɗa kai ya ce, "Allah shi kai mu." Yadda ya faɗe ta ya kamata in tsargu, ban tsargu ba.

Iyaka ba ta ba mu wahalar da na zata ba. A buron duwan, wato ofishin kwastan, aka duba takardu, aka buga hatimi. Muka tsallaka Illela, ta Najeriya nake nufi, ba tamu ta hanyar Tawa ba. Wani jami'i ya hau ya ɓula buhu guda, ya fito da albasa ya juya ta a hannu, ya tambaye ni ko da gaske mu muka noma. Da na ce e, sai ya ce bai saba ganin mai gona a gaban mota ba, ya yi mana fatan alheri. Na ji daɗin maganar nan har na gyara zaman hula. Ban da launin kuɗi da na rigar ma'aikata, ban ga abin da ya canja ba. Fuskokin namu ne, furar tamu ce, har ashar ɗin ƴan tasha irin namu ne. Baba ya ce shi bai ga inda ƙasar ta ƙare ba, ya dai ga inda kwalta ta canja ramuka.

Shingen da rediyo ya ce babu, mun same shi a gaba. Ba na hukuma nake nufi ba, na wasu ƙarti ne da ke jan igiya ko katako mai ƙusoshi a bakin ƙauyuka, kowa da sunan da ya ba kansa. Baba ya ƙirƙiro dabara: duk wanda ya tare mu, sai ya miƙa masa albasa biyu manya, ya ce, "Kai ma uwar ɗiyanka, ka ce daga Nijar." Yawanci dariya ke kama su su janye igiyar. Wani dai ya ce shi ba a dafa masa miya da safe, sai da Malam Ummaru ya sauka suka yi magana irin tasu.

Mun wuce Sakkwato da Jega, muka ci kifi a Yawuri. Ni mutumin tudu ne, kifin da na sani busasshe ne, ya fi kama da takalmi. Nan kuwa aka ajiye mini wani ɗanye mai kauri kamar cinyar rago, na ci har na manta da ƙaya, ita ba ta manta da ni ba. Sai da mai abincin ta ba ni lomar tuwo na haɗiye ba tauna, tana faɗin haka suke yi wa baƙi ƴan arewa. Masauki kuwa ƙarƙashin mota ne, bisa tabarma, inda duk direbobi suka yada zango. Baba bai taɓa kwanciya ba sai ya zagaya tirelar yana shinshina, kamar mai jego da jariri.

Bayan Kwantagora ƙasa ta fara sauya. Itatuwa suka yi yawa, iska ta yi nauyi, rigata ta manne a baya. Baba ya daina barkwanci, ya riƙa fitar da hannu ta taga yana murza yatsu. Muna gab da Makwa, da rana tsaka, Malam Ummaru ya nuna gaba da haɓa. Hadari ne baƙi ƙirin ya tokare hanya, irin wanda a gida sai tsakiyar damina muke ganinsa, mu yi murna. Ranar na fara ganin hadari gabana ya faɗi.

Wanda bai noma albasa ba ba zai gane ba. Tamu ana yanke mata ruwa tun kafin a cire ta, a bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe ya rufe. Daga nan ita da ruwa sun raba gari. In ya shiga buhu, ba a ranar za ka gani ba, sai bayan kwana biyu ka ji wari, guda ta kama goma, goma ta kama buhu. Na tuna tsumman baƙin zanen da ke can sama.

Allah ya taimake mu da wani gidan mai da ya daina aiki, mai doguwar rumfa. Malam Ummaru ya cusa tirelar ciki, muna tsayawa ruwa na saukowa kamar da bakin ƙwarya. Wutsiyar motar ta ɗan leƙo waje, ni da Baba muka hau muka baje tabarmin kwananmu da rigunanmu, muka kwanta a kai. Haka muka yi har aka ɗauke. Da muka sauko muna ɗiga, Malam Ummaru yana zaune a busasshen wuri yana cin gyaɗa, ya ce, "Baba, ashe tsuntsun kudu na tohi."

Baba ya sunkuya yana matse rigarsa.

Na kira Rasaki a waya, ya ƙara mini wani nauyin. Ya ce damina ta sauka a wurinsu, ga motoci sun yi layi a kasuwa, ko mun iso sai mun jira kwanaki kafin a sauke mu. Malam Ummaru ya ce abin da kowa ke yi shi ne a sayi leda mai faɗi a Makwa a naɗe kayan. Baba ya ce sam. Leda za ta hana ruwan sama, amma albasa tana numfashi, cikin wannan zafi mai laima za ta yi gumi ta jiƙa kanta da kanta. In an bar ta a buɗe ruwa ya kashe ta, in an rufe gumi ya kashe ta. Na zauna a kan dakalin gidan man na dafe kai.

Baba yana tsaye yana kallon wani ƙauye a ƙetaren hanya. Can sai ya ce, "Isuhu, gida ina muka aje albasa?"

"Cikin rudu, Baba."

Rudu shi ne rumbun albasarmu: gado na itace a ɗage daga ƙasa, zana a kewaye, jinka a sama. Ruwa ba ya shiga, iska ba ta daina shiga.

"To mota ai ta riga ta ɗaga ta daga ƙasa, gehenta kuma a buɗe shi ke. Mi ya rage?"

Na bi inda yake kallo. A bayan gidajen ƙauyen ga dammunan shuci, ciyawar jinka, nan a jingine, an tanada don baibayar ɗakuna kafin ruwa ya kankama. Malam Ummaru ya gane kafin ni. Ya ce shi shekararsa da yawa a hanya, ba a taɓa yi masa dariya ba, kuma ba a kan motarsa za a fara ba. Baba ya ce, "Ɗana, kai ka yi gaskiya Kwanni, na yarda gaban kowa. Yanzu bar ni in yi tawa." Ina jin wannan amsa laifin da tsoho ya yi ne ya sa Malam Ummaru ya sauko.

Ƙauyen na Nufawa ne. Mai garin wani dattijo ne da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan. Da muka yi masa bayani ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce kakansa ya sha ba su labarin fataken arewa masu kawo kanwa bisa jakai, su koma da goro, a gidansu suke sauka. Ya ce ashe jikokin sun dawo, jakin ne ya girma. Ya sayar mana da shuci da gorori, ya kuma ƙwala kira, maza suka fito kamar ranar gayya. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ranar na ga hannun ƙasa biyu a kan guda.

Baba ya zama sarkin aiki. Aka kafa tsaiko da gora, ba mai tsini irin na ɗaki ba, dogo mai doro kamar bayan raƙumi, ƙasa-ƙasa don kada ya taɓo wayar lantarki, da tazarar kamu guda tsakaninsa da buhuna don iska ta ratsa. Nufawa suna yanta ciyawar irin tasu, Baba yana kwancewa yana nuna musu tamu, suna musu da hannu da ido tun da bakin bai haɗu ba. A ƙarshe aka ɗauki ɗaurinsu, don ya fi namu ƙarfi, aka ɗauki jerinmu. Malam Ummaru da ya ce ba ruwansa, shi ya kawo shawarar da ta fi kowacce: a kwantar da ciyawar tana kallon baya kamar gashin kaza, don iskar tafiya ta riƙa danne ta maimakon ta ɗaga ta. Aka bi sama da igiya aka ɗaure tamau. Da za mu tashi, Baba ya sauke buhu guda daga nasa ya ba matan garin, su kuma suka cika mana gaban mota da doya.

Daga nan tafiya ta koma ta hawainiya, mu kuma muka zama abin kallo. A gadar Jaba masu babura suka riƙa bin mu suna ɗaukar hoto. Wani mai igiya ya tare mu, ya kalli sama, ya kalli Baba, dariya ta hana shi faɗin abin da ya tsayar da mu. Malam Ummaru ya ja hula ya rufe rabin fuska, wai kada abokan aikinsa su gane shi. Kafin Ilori ruwa ya sake tsugewa, wannan karon ba rumfar da za mu fake. Na matsa wa direba ya tsaya, na hau na zura hannu ƙarƙashin jinkar har kafaɗa. Ruwa na gangarowa ta gefe yana zuba mini a ƙeya, amma tafin hannuna a kan buhun Gwaggo yake, a bushe ƙamas. Na daɗe a wurin ban sauko ba, don ban so su ga idona.

A Ilori na fara cin amala. Da aka ajiye, Baba ya ture kwanon ya ce tuwon ya ƙone. Aka ce masa haka launinsa yake, garin doya ne. Miyar kuwa lalo ce tsaf irin ta gida, sai dai sun ba ta wani suna, sun kuma zuba mata barkono kamar suna da gaba da baƙo. Baba ya ci yana hawaye yana faɗin ba daɗi, ya nemi ƙari.

Badun gari ne da ba ya ƙarewa, rufin kwano mai tsatsa iyakar ganinka. Muka shiga kasuwar albasa da hantsi, kasuwa ta tsaya cak. Masu dako suka ajiye kaya, mata suka fito daga rumfuna suna tafa hannu, ƴan arewa da ke can suna kiran junansu a zo a ga ƙauye ya zo birni da ɗakinsa. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba. Baba kuwa ya fito ya gyara rawani kamar shi ya ci garin da yaƙi.

Rasaki ya zo ya tarbe mu. Abin da ya fara ba ni mamaki, da ya kai mu gaban mahaifiyarsa sai ya zube ƙasa rub da ciki, da farar rigarsa, a cikin caɓin kasuwa. Haka suke gaida manya. Mu da muke ganin durƙusonmu ya kai, ashe wasa muke. Abu na biyu, a can mata ne ke riƙe da kasuwa. Iya, haka kowa ke kiranta, tana zaune bisa kujera da ɗaurin kai kamar faifai, ƙarti suna kai da komo da umarninta. Ta kalli motar, ta kalli Baba, idonta ya sauka a kan zanen fuskarsa. Sai ta buga cinya, ta ce da Hausarta mai karkata, "Bagobiri! Shi ya sa. Bawana ne ya zo, ya kawo mini ɗaki."

Na tsorata, na manta da wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa. Baba bai manta ba. Ya ce, "Baiwa ta samu wuri. Na zo in ga ko kin iya tsaron dukiyar ubangidanki." Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin a yi maganar albasa sun zagi juna son rai, ta sa an kawo masa goro fari, ya ce na bayi ne, ya jefa a aljihu.

Wasa dabam, ciniki dabam. Iya ta ce layi layi ne, ko ɗan'uwanta sai ya bi. Aka sauke mu a unguwar Sabo, gidan wani mai masauki Bakatsine, ɗaki mai fanka da katifa, amma Baba ya ƙi kwana ciki, ya koma gindin mota. Kwanakin da muka yi muna jira kusan kullum sai an yi ruwa, in an ɗauke kuma rana ta buɗe da zafi mai laima. Motocin da ke gabanmu duk a naɗe suke da leda da tampol. Da aka fara buɗe su na ga yadda ake ware ruɓaɓɓiya gefe, masu kayan suna tsaye sun yi zugum. Ban yi musu dariya ba, na san zafin. Tsorona ma ƙaruwa ya yi, don hannuna saman kaya kawai ya taɓa, ban san abin da ke tsakiya ba.

Ranar da layi ya zo kanmu, Iya ta taso da kanta, abin da aka ce ba ta cika yi ba. Aka kwance igiya, mutane suka taru aka sauke jinkar ɗungurungum aka ajiye gefe. Ta nuna buhun farko na can sama, wanda ya fi kusa da ruwa. Da aka sauko da shi na ga tsumman baƙin zane a wuyansa. Ta ce a zazzage shi ƙasa gaba ɗaya.

Albasa mai lafiya tana da murya. In ta zubo, ɓawonta yana ƙara kamar an taka busasshen ganye. Wannan ƙarar na ji, kasuwa ma ta ji. Iya ta sunkuya ta ɗauki guda, ta danna wuyanta da babban yatsa, ta shinshina, ta ɗauki wata. Ta sa aka zaro buhu daga tsakiya, aka zaro daga can ƙasa. A wutsiyar mota, inda ruwan Makwa ya taɓa, an sami ƴan ƙwayoyi da suka yi laushi, ba su cika ƙwarya ba. Sauran duk garau. Ta miƙe ta goge hannu a zane, ta yi wa ɗanta magana da Yarabanci. Rasaki ya juyo yana murmushi ya ce, "Ta ce in shirya, bayan salla zan bi ku in ga wurin gini. Ta ce kuma ba sito na siminti take so ba, irin wannan abin za a yi, babba, Bagobirin nan ya tsaya a kai."

Ban san lokacin da na rungume Malam Ummaru ba. Na yi alfahari a ranar, irin wanda ban taɓa yi ba. Abin da muke ɗauka kayan ƙauye ne, muna jin kunyar a gan mu da shi, shi ne aka ce a zuba wa jari daga wata ƙasa.

Jinkar ba ta dawo ba. Iya ta ce ganimar yaƙi ce, ta sa aka ɗora ta bisa rumfarta. Rasaki ya gaya mini a waya cewa yanzu masu saye cewa suke a ba su ta ƙarƙashin ciyawa. Mu kuwa ba mu dawo da mota wofi ba, mun ciko ta da manja da goro da garin rogo, waɗanda ƴan kasuwar Kwanni suka yi oda. Hanya in ta buɗe, ba gefe guda take bi ba. Da muka iso Kwanni, Baba da kansa ya je rumfar nan ya jawo tampol ya miƙa wa Malam Ummaru, ya ce ya aje a mota, ko don a rufe manja.

A Dogarawa gari ya fito, kowa na tambayar nasa. Na ratsa su na nufi gidan Gwaggo Ta'allah, don ba ta cikin taron. Na same ta a tsakar gida tana tsince irin albasa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye mata haƙƙinta, na kuma ɗora wani zane mai shuɗin rini a kai. Na ce Iya ce ta aiko, ta ce a ba matar da ta noma buhun mai baƙin tsumma, a gaya mata ƴar'uwarta ta Badun tana gaisuwa.

Gwaggo ba ta taɓa kuɗin ba. Ta shafa zanen da bayan hannu, ta daɗe tana kallonsa.

"Ta san da ni?"

"Ta san da ke, Gwaggo. Da buhunki anka buɗe ciniki."

Ta ci gaba da tsintar irinta. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Isuhu, baɗi ka aje min wuri babba. Kuma can bisa nika so, ƙarƙashin jinkar Nomau."